Ranar Da Arlie Ya Kashe Ni A Rediyo

Jama'a, ku gyara zama, domin wadda ke ba ku labarin nan ta rasu ranar Talatar da ta wuce, da safe, tana tsaka da soya ƙwai.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Oleta Caudill, na haura saba'in, na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da ilimin halittu a sakandaren garinmu, nan cikin tsaunukan Kentucky. Rabin garin nan ni na koya musu feɗe kwaɗo, shi ya sa har mai wa'azinmu Malama yake ce min. Mijina Hershel ya daɗe da rasuwa, ƙurar kwal ce ta cinye masa huhu kamar yadda ta yi wa mazan kwarinmu da yawa. 'Yata ɗaya ce, Darla. Sai kuma Arlie Begley, tsohon mawaƙi mai kaɗa jita, wanda tun bara yake zuwa gidana duk Alhamis wai gyaran famfo. Famfon nan lafiyarsa ƙalau. Ni na sani, shi ya sani, famfon ma ya sani.

Gidan rediyon garinmu yana da tsari tun ina yarinya: bayan labaran safe a karanto sunayen waɗanda suka rasu, sannan a saka waƙa. Babu tsohuwar da wannan shirin ke wuce ta. Muna cewa don mu yi musu addu'a muke saurare, amma ni dai na san kowa so take ta ji wa ta riga, wa ya riga ta.

To ranar nan mai karatun ya gama jero sunaye, bai ce uffan ba, sai kawai ya saki waƙa. Daga bugun farko na gane hannun. Arlie yana kaɗa jita kamar mai tsoron kada ya tashe ta daga barci. Sai ga muryarsa, a shaƙe, a hankali:

"Oleta ta tafi da sanyin safiya,
Sun sa mata shuɗiyar rigarta ta ajiya.
Na tsaya a bakin shinge, hula a hannu,
Abin da ban faɗa mata ba ƙasa na rufe shi sannu-sannu."

Na tsaya da cokali a hannu. Oleta ɗaya ce a garin nan. Ita kuwa rigar, kowace mace a cocinmu ta san ta. A wajenmu tsohuwa ba ta cika tsohuwa ba sai ta rataye rigar da za a binne ta da ita a ƙuryar kabad, cikin leda. Tawa shuɗiya ce mai duhu, da ƙananan maɓallai farare daga wuya har ƙugu, da leshi a bakin hannu.

Waya ta fara ruri. Ban ɗauka ba, hannuna duk mai, ga ƙwai yana ƙonewa. Ashe rashin ɗaukar nan shi ya tabbatar wa gari cewa na tafi.

Wadda ta fara isowa ita ce Vernice, yayar marigayi mijina. Tana ɗauke da kek ɗinta na tuffa mai hawa-hawa. Kullum akwai guda a firizarta yana jiran wanda zai mutu. Ta buga ƙofa a hankali, fuska a jiƙe, tana zaton Darla ce za ta buɗe. Sai ga ni, da rigar barci da silifas.

Ta ƙwalla ƙara har karen maƙwabta ya amsa. Amma ku lura, kek ɗin bai faɗi ba.

"Oleta! Ba ki mutu ba?"

"Ki yi haƙuri, Yaya. Na ga kin sha wahala."

Kafin ta rufe baki motoci sun cika tsakar gida. Mai soyayyiyar kaza, mai wake da burodin masara, mai dafaffen ƙwai da aka jera a faranti kamar furanni. Wasu suka rungume ni suna kuka, wasu suka tsaya suna kallon kwanukansu kamar an cuce su. Darla ta iso daga wajen aiki takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a mota. Ta riƙe ni ta ƙi saki har sai da na ce, "Ke, ƙashin nan tsoho ne, so kike maganar rediyon ta zama gaskiya?"

Tunda abinci ya riga ya zo, sai muka zauna muka ci. Ina gaya muku, wanda bai ci abincin mutuwarsa ba bai san matsayinsa a gari ba. Na ga wadda ta soya kaza da hannunta, na ga wadda ta sayo a kanti ta juye a kwanonta. Duk na riƙe a raina.

Ana cikin dariya sai Vernice ta ajiye cokali, ta goge baki.

"Ni tambaya ɗaya ce da ni. Yaya aka yi Arlie Begley ya san launin rigar da ke rataye a ɗakin kwananki?"

Ɗakin ya yi tsit. Har mai taunar kaza ta daina.

"Gaya masa na yi, Yaya. Da baki. A kicin."

"Me yake yi a kicin ɗinki?"

"Gyaran famfo."

"Shekara guda?" in ji wata daga can baya. "Wannan famfo ko dam ne?"

Darla ta juyo ta dube ni. "Mama?"

"Na'am. Ya ce yana sona. Ban ba shi amsa ba tukuna."

Vernice ta miƙe. Doguwa ce, gashinta fari tas a naɗe kamar dunƙulen burodi, idan ta tsaya a kanka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. "Amsa? Wace amsa kuma? Oleta, sunanki yana kan dutse."

Bari in fayyace muku. A maƙabartar danginsu Hershel da ke kan tudu, idan miji ya riga matarsa, dutse ɗaya mai faɗi ake kafawa. Sunansa a gefe guda da ranar haihuwa da ta rasuwa, sunanta a ɗaya gefen da ranar haihuwa kawai, sai fili a bar shi yana jira. Ni ma haka aka yi min. Duk lokacin da na kai wa Hershel furanni sai in ga sunana an sassaƙa shi da kyau, ga wurin da babu komai yana kallona kamar ɗalibin da ya ɗaga hannu. Mutane na cewa wannan shi ne alamar mace ta gari. Ni kuwa na daɗe ina mamakin yadda mazan da matansu suka riga su ba sa kai shekara sai an sha biki, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu dutse.

Na faɗa mata haka. Ta ce, "Karatu ya yi miki yawa, tun ranar da Hershel ya kawo ki na faɗa." Ta ɗauki jakarta. Ta bar min kek ɗin dai, don a wajenta ba a mayar da abincin mutuwa gida ko da mamacin ya tashi.

Da kowa ya watse, Darla ta tsaya tana wanke kwanuka, ta juya min baya.

"Mama, ba wai ba na son ki ji daɗi ba ne. Amma duk ranar da na je wajen Baba, ganin sunanki a gefensa ke sanyaya min rai. Sai in ji kamar ba shi kaɗai ba ne."

Wannan ta fi ta Vernice shiga jikina. Na ɗauki tawul na tsaya kusa da ita.

"Darla, shi kaɗai ne a can. Ni ma ni kaɗai ce a nan. Dutsen ne kawai yake da mutum biyu."

Ta sumbace ni a goshi ta tafi.

Sai a lokacin na duba waya. Saƙon Arlie na nan tun safe.

"Malama, kin ji?"

Na rubuta: "Matattu ba sa jin rediyo."

"Ban san bayan sanarwar rasuwa za su saka ba, na rantse."

"Ko bayan hasashen yanayi suka saka, ai dai ka kashe ni."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigo-ɗigon nan suna rawa. Can sai ga shi: "Akwai sauran kaza?"

Ranar Alhamis ya zo babu akwatin kayan gyara. Ya sa farar rigarsa mai maɓallan ƙarfe, ya taje gemu, ya riƙe hula a hannu daidai yadda ya faɗa a waƙar. Na bar shi a tsaye a baranda na ɗan lokaci, don ya ji yadda ɗalibaina suke ji.

"Zauna, mai kisan kai."

Ya zauna a bakin kujera.

"Arlie, na san waƙoƙinka tun muna da haƙoranmu. Wadda ruwa ya tafi da ita, wadda zazzaɓi ya ɗauke, wadda ta bi titin jirgin ƙasa ba ta dawo ba. Matan da ka binne a waƙa sun fi na kan tudun can yawa. Ka taɓa barin ko guda ɗaya ta kai ƙarshen waƙa da ranta?"

Ya yi tunani da gaske, har da ƙirga yatsu. "Akwai wadda ta kai baiti na uku."

"Sai me ya same ta?"

"Maciji."

Ku taya ni ji! Kuma a garin nan cewa ake irin waɗannan waƙoƙin su ke warkar da zuciya. Zuciyar wa? Ta mai rerawa dai. Ita matar an kwantar da ita cikin farin kaya, ta yi kyau, ta yi shiru, ba za ta ce masa ya cire takalmi kafin ya shigo ba. Ni a ganina shi ya sa mawaƙa suka fi son mu a kwance.

Na faɗa masa duk wannan. Ya saurara yana juya hular. Da na gama sai ya ce, a hankali:

"Lokacin da Nola ta rasu ban shirya ba." Nola matarsa ce, mace mai dariya, tare muka yi makaranta. "Da safe tana shanya, da yamma babu ita. Na fi shekara ban taɓa jita ba. To da na ga zuciyata ta sake kama wata, sai tsoro ya kama ni. Na ce bari wannan karon in gwada tun da wuri, in ga ko zan iya ɗauka. Na rera sau ɗaya a ɗaki, Oleta, na ga ba zan iya ba."

Na juya ina kallon tsauni. Gaskiya idona ya ciko. Waƙar nan, duk da haushin da ta ba ni, tun ranar Talata take min yawo a kai, har na kama kaina ina rera ta ina shara. Akwai wani wuri da muryarsa ke hawa sannan ta sauko kamar mai sauke kaya, in kin ji sai ki tuna duk wanda kika taɓa rasawa, kuma ki ji kamar ba su yi nisa ba.

Amma ban bari ya gani ba. Na ce, "To tunda ba za ka iya ba, me ya kai ta rediyo?"

Ya sunkuyar da kai. "Waƙar ta yi daɗi, Malama."

Dariya ta kuɓuce min har sai da na riƙe ciki. Mawaƙi dai mawaƙi ne.

"Saurara," na ce. "Ranar Lahadi ce gyaran maƙabarta, duk dangi za su hallara. A gabansu ka kashe ni, a gabansu za ka tashe ni. Ina son waƙar da nake raye daga farko har ƙarshe. Ba ruwa, ba zazzaɓi, ba maciji. In ka iya, zan ba ka amsa a wurin. In ba ka iya ba, famfona ya warke."

"Ai ba a shiga da jita can."

"Ka bar ta a mota. Bakinka ai ba a hana shi shiga ba."

Ya sosa gemu. "To me mace mai rai take yi a cikin waƙa?"

"Abin da take yi a gida. Ta yi musu."

Ranar Asabar da rana saƙonsa ya shigo: "Na kai baiti na biyu, har yanzu kina numfashi." Na mayar masa: "Ka ci gaba da ba ni magani."

Safiyar Lahadi na buɗe kabad na daɗe a tsaye. Ga rigunan coci, ga mai furannin da Darla ta saya min. Sai na tura hannu can ƙurya na jawo ledar. Rigar ta fito da ƙamshin sabuwa, ba ta taɓa ganin rana ba. Na saka. Ta zauna min ɗas, har ta fi yadda na tuna. Na ce a raina, ashe mafi kyawun tufata na ajiye wa ranar da ba zan ga madubi ba. Na ɗaura 'yan kunnen uwata, na shafa jan baki, na fita.

Kan tudun ya cika. An yanke ciyawa, kowane kabari ya sha sababbin furanni, an jera dogayen tebura a ƙarƙashin itatuwa, abinci kamar za a ciyar da na ƙasa da na sama. Vernice na gyara zaman wani sabon kek lokacin da ta hango ni. Ta dafe ƙirji.

"Oleta Caudill! Rigar ce wannan?"

"Ita ce, Yaya."

"To da me za a binne ki?"

"Ku nemo wata. Ranar ai ba zan yi muku musu ba."

Na wuce wajen Hershel. Na durƙusa da ƙyar, na goge gefensa da tsumma, na jera masa jajayen furanni. Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Kai dai ka san ni, ba na iya zaman jira. Ko layin banki ba na jurewa." Na san da yana nan da tari zai fara, sannan dariya. Mutumin kirki ne Hershel. Gefen da sunana yake ban goge ba.

Bayan wa'azi aka shiga waƙoƙi. Mu a taron nan ba littafi, ba kayan kiɗa. Mutum ɗaya ke ba da layi da sauri, jama'a su amsa suna jan sa a hankali, ido rufe, jiki na lilo. Tun muna goye muke yi, har ya zama idan an ba da layi baki ne ke amsawa kafin kai ya ji me aka ce. Vernice kuwa muryarta ce ke kan gaba kullum, ana jin ta daga ƙasan kwari.

Da aka yi uku ko huɗu sai mai wa'azi ya ce, "Ko akwai ɗan'uwan da Ubangiji ya ɗora wa waƙa a zuciya?"

Arlie ya miƙe daga can baya. Bai san inda zai kai hannayensa ba tunda babu jita, sai ya cusa su a aljihu, ya fito da su, ya sake cusawa. Mutane sun riga sun yi nisa, idanu a rufe. Ya gyara murya ya bayar:

"Ubangiji ya ƙara mana safiya guda."

Tudun ya ɗauka gaba ɗaya, a hankali, mai daɗi.

"Ciyawa na tsiro a kan waɗanda muke ƙauna."

Suka amsa. Na ga Darla na share ido.

"Wanda ya tafi ya huta, mai numfashi ya sha iska."

Suka amsa, har mai wa'azi ya ɗaga hannu sama.

"Oleta na raye, tana ƙona ƙwai."

Jama'a, suka amsa! Na ga goshin wasu ya ɗan tattare, amma bakin ya riga ya tafi.

Arlie ya dube ni, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir, ya bayar da sauri:

"Oleta, ki aure ni kafin ƙanƙara ta sauka."

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Dangin mijina kaf, maza da mata, da mai wa'azi, da 'yan jikoki, suna roƙona aure a kan kabarin kakanninsu. Muryar Vernice ce a sama, tana jan "ki aure ni" har da karkarwa. Sai a kan "ƙanƙara" idonta ya buɗe. Ta rufe baki da tafin hannu kamar ta haɗiye ƙuda. Ɗaya bayan ɗaya muryoyi suka mutu, har ya rage wani tsoho mai matsalar kunne shi kaɗai ya kai layin ƙarshe.

Kowa ya juyo kaina.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Ban damu da Vernice ba, Darla nake tsoro. Amma na yi alkawari, kuma mutumin nan ya kai ni ƙarshen waƙa da raina. Na dafa dutsen kabarin Hershel na miƙe, na gyara shuɗiyar rigata. Ban taɓa ba da waƙa ba a rayuwata, a wajenmu ma maza ke bayarwa. Na buɗe baki da muryar da nake tsawatar wa aji:

"Zan aure ka, Arlie, in ka daina kashe ni."

Babu wanda ya amsa. Iska kawai ke kaɗa furannin roba da ke kan kaburbura. Layin nan ya tsaya a sama shi kaɗai, kuma a wajenmu babu kunyar da ta kai a bar mai bayarwa ba amshi.

Sai na ji wata siririyar murya daga gefena, tana rawa, tana jan kalmomin ɗaya-ɗaya. Darla ce. Hawaye na zuba, tana dariya, ta riƙe hannuna tana rera wa Arlie Begley cewa za ta aure shi in ya daina kashe ta. Matan cocin suka bi ta, maza suka shigo daga ƙasa. Arlie ya zauna daɓas a kan benci ya rufe fuska da hula.

Mutum ɗaya ce ba ta buɗe baki ba. Vernice ta je tebur, ta ɗauki kek ɗinta ko yankawa ba a yi ba, ta sauka tudun ba ta waiwayo ba.

Washegari ina shan kofi a baranda sai ga motarta ta shigo tsakar gida. Ba ita kaɗai ba ce. A gefenta ga mai sassaƙa duwatsun kabari na garinmu, akwatin kayan aikinsa a cinya, yana ta kauce wa idona don shi ma ɗalibina ne.

Ta sauke gilashi. "Fito mu hau tudu, Oleta. Ko a goge sunan, ko a bar shi. Yau za ki faɗa da bakinki, a gaban ƙanena."

Na kurɓi kofina. Na dubi gudumar da ke cikin akwatin, na dube ta.

"Ku shigo ku karya tukuna, Yaya," na ce. "Abincin mutuwata bai ƙare ba."